Ƙafar Hagu Ta Huta, Wa Ya Karɓi Aikinta?

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen mota ya san tambayar da ake fara yi wa dillali, tun kafin a tambayi shekarar ƙira ko a nemi takardun kwastan: "Otomatik ce ko manuwal?" Amsar da ya bayar ita ce za ta sa fuskar mai saye ta saki ko ta ɗaure. Matasa da ma'aikatan ofis galibi otomatik suke nema. Tsofaffin direbobi kuwa, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a kan Fijo 504, sai sun sunkuya sun leƙa ƙarƙashin sitiyari, in suka ga abin takawa biyu maimakon uku su ja da baya, su ce wannan ai zama ne, tuƙi yana wani wuri.

Ni a ganina an ɗora gardamar a kan tambayar da ba ta kai mutum ko'ina. Ana ta tambayar wacce ta fi, alhali abin tambaya shi ne: aikin da ƙafar hagu da hannun dama ke yi a motar manuwal, ina ya tafi da aka ɗauke shi? Domin bai ɓace ba. Ƙarfe mai injin fetur da nauyin tan ɗaya da rabi ba zai tashi daga tsaye ya kai gudun kilomita 100 a awa ba sai an yi ta sauya giya, ko ma wane ne ya sauya. In ba kai ka yi ba, wani abu ya yi a madadinka, kuma wannan abin yana da haƙƙi a kanka wanda dillali ba ya ambata ranar ciniki.

A motar manuwal aikin a fili yake. Injin na juyawa ko mota na tafiya ko tana tsaye, saboda haka dole a sami abin da zai haɗa shi da tayoyi ya kuma raba su. Wannan shi ne kuloci: faifai ne da aka matse jikin ƙarfen da injin ke juyawa. Ka taka, ya rabu; ka saki, ya kama. Je ka filin idi ko filin makarantar firamare da yamma, inda ake koya wa yara tuƙi, ka saurari mai koyarwa. "Saki a hankali. A hankali, ɗan'uwa. Ka ji ta fara rawa? To riƙe ƙafarka nan, ba ta wuta kaɗan." Sai yaron ya saki gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu, a sake tayarwa. A haka har ranar da tafin ƙafarsa zai gane wurin da faifan ke kamawa ba tare da an faɗa masa ba. Daga wannan rana ya soma jin mota. Kunnensa ya san ƙarar injin da ke neman giya ta gaba, ya san kukan wanda aka ɗora wa giyar da ta fi ƙarfinsa a hawa. Babu wanda ya zaunar da shi ya karantar da shi wannan ilmi. Motar ce ta tilasta masa, domin duk kuskuren da ya yi nan take take nuna masa.

Otomatik kuwa ba sabon abu ba ce kamar yadda wasu ke zato. Kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da giyabos ɗinsa mai suna Hydra-Matic tun 1939, a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Amurka ƙasa ce mai arahar fetur da faffaɗan tituna da manyan motoci, sai otomatik ta mamaye ta, har ta kai yau sabbin motocin da ake sayarwa can masu kuloci ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Turai kuwa mai na da tsada, motoci ƙanana, sai suka daɗe a kan manuwal.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Da kamfanin Fijo na Kaduna ya soma harhaɗa motoci a 1975, abin da ya cika titunan Arewa manuwal ne, kuma a kansa aka horar da direbobinmu da makanikanmu. Da zamanin 'yan Kwatano ya zo, motocin da aka fara kwasowa daga Beljiyam da Jamus, irin su Golf da Opel da tsofaffin Marsandi, su ma yawanci masu kuloci ne. Sai daga baya kasuwa ta karkata zuwa Amurka, Camry da Accord da Corolla suka yi ta sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, kusan dukkansu otomatik. Wato ba zama muka yi muka auna muka zaɓa ba, abin da jirgin ruwa ya sauke shi muka hau. Motar ta iso, amma ilmin kula da ita bai biyo ta a jirgi ɗaya ba. Littafin da ke zuwa da ita ma sau da yawa an jefar da shi tun a can, in kuma yana nan a aljihun gaba, ba kowa ke buɗe shi ba.

To me ya karɓi aikin ƙafar hagu? Mai ne. A wurin da faifan kuloci yake a manuwal, otomatik ta gargajiya tana da wani rufaffen ƙoƙon ƙarfe cike da mai, da ƙafafu biyu masu fukafukai a ciki suna fuskantar juna. Injin na juya ɗaya, ita kuma ta watsa man da ƙarfi a kan ɗayar, ta juya. Wanda ya taɓa ganin ana juya kunu a babbar tukunya ya ga irinsa: in aka bar ludayi a ciki ana juyawa da muciya, ludayin ma zai soma zagaye, ba don muciyar ta taɓa shi ba, kunun ne ke tura shi. Shi ya sa za ka taka birki a danja, giya na kan D, injin bai mutu ba, kuma kana ɗaga ƙafa motar ta soma rarrafe da kanta. Man nan dai shi ne famfo ke turawa ta wasu siraran hanyoyi ya matse faifan da makanikai ke kira faiba, giya ta sauya. Shi ne ke sa ƙarafa santsi, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce. A manuwal man giya santsi kawai yake bayarwa, yana iya shekaru ba a waiwaye shi ba. A otomatik shi ne ma'aikacin gaba ɗaya.

Babban abokin gabar wannan mai zafi ne, mu kuwa zafi muke da shi a wadace. A watan Afrilu ma'aunin zafi na haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Masu ƙera motoci kan rubuta jadawalin kula iri biyu a littafin mota, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala, kuma abin da suke lissafawa a mai wahala shi ne ƙura, tsananin zafi, tsaya-tafi a cunkoso, gajerun tafiye-tafiye da jan kaya masu nauyi. Duk wanda ya karanta wannan jeri ya ga hoton titunanmu. Ke nan jadawalin da ya fi matsewa shi ne namu, amma mu ko sassauƙan ba mu bi.

Irin zancen da ke biyowa ana yin sa kullum a gareji. Mai mota ya zo yana ƙorafin cewa in ya sa D sai ta yi jim kafin ta kama, kuma tana bugawa in za ta shiga giya ta biyu. Bakanike ya bar injin na aiki, ya zaro sandar auna man giya, ya goga a farin tsumma, ya kai hanci.

"Alhaji, yaushe rabon da a canza man giyar nan?"

"Man giya kuma? Ai ba na wasa da juyen baƙin mai."

"Ranka ya daɗe, wancan daban, wannan daban. Duba nan."

Lafiyayyen mai ja ne garau, kana hango zaren tsumman ta cikinsa. Wanda ke kan tsumman nan kuwa ya koma baƙi-baƙi, yana ƙauri, har da ɗan gari-gari in ka murza da yatsa. Garin nan faiba ce ta cinye. Akwai wanda ya fi wannan muni: in man ya fito fari-fari yana kumfa, ruwa ya shiga, ko dai bututun da ke ratsa lagireto ya fashe, ko kuma an kutsa cikin ambaliyar damina har ruwa ya kai giyabos. Alhaji bai yi ƙarya ba, yana kula da motarsa iya saninsa. Abin da ya gada daga zamanin Fijo shi yake bi, ba wanda ya gaya masa cewa wannan motar wata buƙata gare ta.

Ko wanda ya sani ma bai tsira ba, domin akwai matsalar wane mai za a zuba. A kasuwa duk "jan mai" ake ce masa, kuma akwai masu gyaran da galan ɗaya suke zuba wa kowace mota. Alhali Toyota na da nata, irin su T-IV da WS, Honda na da DW-1, motocin Nissan masu giyar CVT kuma suna da NS-2 da NS-3. Ita CVT ma ba ta da giya ɗaya, biyu, uku. Ɗamarar ƙarfe ce ke gudu tsakanin wasu ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa, kuma in aka zuba mata man da ba nata ba ɗamarar kan zame ta lalace. Sunan man da ya dace galibi yana rubuce a kan sandar aunawa ko a littafin mota. Karanta shi ba ya cin minti ɗaya. Wasu sabbin motocin ma ba su da sandar gaba ɗaya, sai a ce ai man na har abada ne. Wanda ke tuƙi a ƙurar hunturu da zafin bazara bai kamata ya jingina da wannan magana ba.

A nan bambancin da ya fi damuna yake. Manuwal tana yin gargaɗi da wuri kuma da babbar murya. In faifan kuloci ya kusa ƙarewa, za ka ba ta wuta a hawa ka ji injin na ihu mota ba ta ƙara sauri, ka ji ƙauri, ka ga sai ƙafa ta kusa ƙarewa sama kafin ta kama. Kana iya lallaɓawa kwana da kwanaki a haka, kuma kusan duk garin da ke da tasha akwai wanda zai sauke giyabos ya sa sabon faifai cikin yini guda. Otomatik tana haƙuri, tana ɓoye ciwonta, kwamfutar da ke cikinta tana ta gyara matsin mai don kada ka ji komai, har ranar da abin zai fi ƙarfinta. Ranar kuwa ba ƙaramin kuɗi take kira ba. Masu iya buɗe ta su gyara ciki ba su da yawa, saboda haka shawarar da aka saba ji ita ce a sauke a ɗora beljiyam. Sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a aika Ladipo a Legas, a sayo wata giyabos da ba wanda ya san irin wahalar da ta sha a hannun mai ita na farko.

Ga kuma abin da ke faruwa in mota ta tsaya a daji. Batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi, mai manuwal zai sa giya ta biyu, ya taka kuloci, fasinjoji su tura, ya saki ta tashi. Mai otomatik ko gari guda ya taru ya tura ba za ta tashi ba, domin famfon da ke matsa mai sai injin na juyawa yake aiki. Dalilin nan ne kuma ya sa ɗaure ta da igiya a ja ta tafiya mai nisa yake kashe ta: tayoyi na juya ƙarafan ciki, mai ba ya zagayawa. Na sha ganin ana jan irin wannan mota a babbar hanya, mai ita na zaune a ciki yana ganin ya tsira daga kuɗin janwe, bai san abin da ke ƙonewa a ƙarƙashinsa ya ninka kuɗin janwen sau da yawa ba. Saboda haka ban ga laifin direbobin haya da ke dagewa a kan Golf da Sharon da Hiace masu kuloci ba, haka masu ratsa hamada daga Agadas a Hilux da Land Cruiser. Mutumin da abincinsa ke kan hanyar da babu gareji a kusa ya san abin da yake gudu.

Amma akwai wata magana da ake yi da ba na jin daɗinta ko kaɗan, wai otomatik motar mata ce ko ta ragwaye. Wannan raini ne, babu ilmi a ciki. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson Mararraba zuwa Nyanya da safe, ko na Kurna da yamma, a motar manuwal, ya san yadda gwiwar hagu ke yi bayan awa guda na taka-saki. Dattijon da gwiwarsa ke ciwo, otomatik ce ta bar shi yana kai kansa masallaci da asibiti ba sai ya jira wani ba. 'Yan'uwanmu da shan inna ya taɓa wa ƙafa, waɗanda muke da su da yawa a Arewa, ita ce motar da ake iya mayar wa da birki da totur hannu cikin sauƙi su tuƙa kansu. Uwar da ke kai yara makaranta ta wuce wurin aiki, in ta zaɓi motar da za ta bar hankalinta a kan titi da 'yan adaidaita sahu da ke kutsowa ta ko'ina, hankali ta yi. Wahala ba ado ba ce. Wanda aka sauƙaƙa wa ya gode wa Allah ya karɓa.

Haka zancen shan mai. Da can gaskiya ne, otomatik mai giya uku ko huɗu ta fi manuwal shan fetur, saboda wani ƙarfin yana salwanta a cikin man nan da ke juyawa. Amma na baya-bayan nan masu giya shida, takwas har goma, da masu CVT, sun kamo manuwal, wasu ma sun wuce ta. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowa ya koma lissafin lita. Lissafin daidai ne, sai dai a yi shi a kan motar da ke gabanka: girman injinta, shekarunta, lafiyar fulogi da iskar taya. Babbar mota mai silinda shida za ta sha mai ko da wace irin giya gare ta.

Tsadar man ta kuma ƙara yaɗa wata ɗabi'a mai hatsari, ta sa mota a firi a gangara don a rage shan mai. Wasu har kashe injin suke yi. A motocin da ba kafireta gare su ba, in ka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya tana gangarawa, kwamfuta kan yanke man gaba ɗaya. A firi kuwa dole injin ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Ke nan ba a ma sami ribar da ake nema ba. Abin da aka yi asara shi ne riƙon da injin ke yi wa mota, aka bar wa birki nauyin duka. Birki kuwa in ya yi zafi a doguwar gangara sai ya daina kamawa. Wanda ya kashe injin ya ƙara da rasa iskar da ke taimaka wa birki, sitiyari ma ya yi tauri. Tsohon direban manuwal da ya saba sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko gangaren Mambila daga Gembu, ba sai an gaya masa ya koma giya ta biyu ko ta uku ba, jikinsa ya sani. Otomatik ma tana da wannan dama. Haruffan nan da lambobin da ke ƙasan D, wato 3 da 2 da L, ko alamar ƙari da ragi a wasu motocin, don haka aka yi su. Amma tambayi masu otomatik goma amfaninsu ka ji amsa. Mutum zai shekara biyar da mota hannunsa bai taɓa wuce D ba, domin motar ba ta taɓa tilasta masa ya sani ba.

Abin lurar ke nan a wurina. Wahalar manuwal tana tafe da karatunta, ko ka so ko ka ƙi sai ka koya. Sauƙin otomatik kuwa ba ya koyar da kowa komai, sai wanda ya tashi da kansa ya nemi sani. Duk aikin da mutum ya wakilta, ko ga na'ura ko ga ɗan'adam, ya sauka daga hannunsa ne kawai, bai sauka daga wuyansa ba. Kuma wakili mai haƙuri, wanda ba ya ƙorafi, shi ya fi buƙatar a riƙa leƙa shi, domin ba zai zo ya faɗa ba sai abu ya lalace. Mu kuwa akasin haka muke yi: abin da ke damunmu da ƙara shi muke kula da shi, wanda ya yi shiru mu ɗauka lafiya lau yake.

Akwai kuma tambayar abin da aka yi da hutun da aka samu. Hannun daman da aka ɗauke wa sandar giya, an ɗauke masa ne don ya koma kan sitiyari. Tsaya a bakin kowane babban titi ka ƙirga masu wucewa, ka ga inda hannun ya koma: yana riƙe da waya. Mai manuwal a cikin gari ko yana so ba ya samun sukunin rubuta saƙo, motar ba ta barinsa. Mai otomatik ya samu sukuni, sai ya kashe shi a kan abin da zai iya kashe shi da wasu. Jami'an kiyaye haɗurra suna kama masu waya a tuƙi, amma jami'i nawa ne za su tsare kowace kwana? Ga shi kuma kuskure a otomatik ba ya yafuwa kamar a manuwal. Sabon direban da ya firgita ya taka totur a zaton birki, in manuwal ce sau da yawa sai ta yi tsalle ta mutu. Otomatik ba ta mutuwa, abin da aka ce ta yi shi take yi, ta haye shago ko ta afka cikin mutane. Shi ya sa ƙa'idar ƙafa ɗaya take da muhimmanci: dama ce ke taka totur, ita ce ke taka birki, hagu ta zauna a gefe. A Ingila wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik lasisinsa na otomatik ne kaɗai, ba shi da izinin hawa titi da manuwal sai ya sake wata jarrabawar. Sun yarda cewa hannu biyu ne daban. Ina ganin mu ma ya kamata makarantun tuƙinmu su ɗauki koyar da otomatik a matsayin darasi mai zaman kansa, su daina cewa ai wannan ba ta buƙatar koyo.

Ƙananan abubuwa ne ke cinye ta a hankali. Mutum na ribas, motar ba ta gama tsayawa ba ya jefa ta D. Ko ya faka a gangare ya sa P ya fita bai ja birkin hannu ba, alhali abin da ke riƙe motar a P wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba, wanda ke shiga tsakanin haƙoran giya. Ƙarar nan "ƙwas" da ake ji in an zo fitar da ita daga P a gangare, kukan ɗan ƙarfen ne. Mai manuwal ma yana da nasa laifin, na ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, da riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki, amma shi faifai kawai zai saya.

In wani ya nemi shawarata, ba na fara tambayarsa wacce yake so. Ina tambayarsa wa zai riƙa tuƙa ta, a wace hanya, kuma wa zai gyara ta in ta lalace. Ma'aikacin da ke zaune a Abuja ko Kano ko Kaduna, wanda yawancin tuƙinsa cikin gari ne, matarsa ma za ta hau, kuma akwai masu na'urar binciken mota kusa da shi, ya sayi otomatik hankalinsa kwance, muddin ya yarda zai ware kuɗin mai na asali ya kuma san lokacin canza shi. Malamin makarantar da aka tura ƙauye, ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako da kaya a hanyar burji, wanda kuma in giyabos ta mutu sai ya sayar da wani abu kafin ya tashe ta, manuwal ta fi rufa masa asiri. Abin da ba na so shi ne mutum ya zaɓa don idon jama'a, ko don kada a ce motarsa ta tsofaffi ce, ko don kada a ce bai iya tuƙi ba. Masu faɗin haka ba sa nan ranar biyan bakanike.

Zaɓin ma yana ƙara ƙanƙancewa. A Ingila tun wajen 2020 sabbin otomatik suka fi manuwal yawa a kasuwa, sauran Turai na biye, motocin lantarki kuwa yawancinsu ba su da giyar sauyawa sam. Abin da suke saya sabo yau shi zai sauka a tashoshinmu nan da shekara goma. Yaran da ke koyon gyara a garejojinmu yanzu, in aka tsaya koya musu sauke faifan kuloci kaɗai, an shirya su ne don motar da ke ƙarewa. Suna buƙatar sanin karanta na'urar bincike, da bambance mai, da buɗe giyabos ɗin otomatik su gyara maimakon su sauke su jefar. Wannan aiki ne da kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai ya kamata su ɗauka da gaske tun yanzu.

Wanda kuma ya riga ya yanke shawara zai sayi otomatik ta hannu, kada ya yarda a kawo masa ita da zafinta. Ya je da sassafe a tayar da ita a gabansa tana sanyi, domin giyabos mai ciwo a lokacin take fi nuna hali. Ya taka birki ya sa R, ya sa D, ya ji ko tana kamawa nan da nan ba tare da jinkiri ko bugu ba. Ya fita da ita babban titi har ta shiga giyarta ta ƙarshe, ya nemi hawa ya ba ta wuta, ya dawo ya duba man a farin tsumma. In 'yar Amurka ce ya tuna lambar da ke kan allo mil take ƙirgawa, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne, kuma ana iya mayar da lambar baya. Ya tafi da bakanikensa na amana, wanda ba shi da kamasho a cinikin, ya kuma biya kuɗin sa mata na'urar bincike kafin ya biya kuɗin motar.